Iberogast: yadda gargaɗin 'yan layuka ya shekara goma kafin ya shiga takardar maganin ciki

A ranar 12 ga Satumba, 2018, hukumar kula da magunguna ta Jamus, wadda ake kira BfArM a taƙaice, mai hedikwata a birnin Bon, ta sanar da cewa kamfanin Bayer ya amince zai sauya takardar bayanin da ke cikin kwalin Iberogast. Shi Iberogast ruwan magani ne na tsirrai tara, mai ɗaci, launin ƙasa-ƙasa, da ake ɗigawa a ɗan ruwa a sha idan ciki ya ɓaci. Da wuya ka shiga kantin magani a Jamus ba ka same shi ba, kuma ba a tambayar takardar likita kafin a sayar maka. Abin da za a ƙara a takardar bai taka kara ya karya ba a ido: mai juna biyu da mai shayarwa kada su sha, mai ciwon hanta, ko wanda ya taɓa yi, ko wanda ke shan wani magani mai taɓa hanta, shi ma kada ya sha, duk wanda ya ga idonsa ko fatarsa ta yi rawaya, ko fitsarinsa ya yi duhu, ko bayan gidansa ya koma fari-fari, ya dakata nan take ya nemi likita.

Hukumar ta ba da umarnin a rubuta irin waɗannan layuka tun watan Afrilun 2008. Shekara goma da wata biyar ke nan tsakanin umarni da aiki, kuma sai da rahoton rasa rai ya iso gaban hukuma sannan aka motsa.

Ciwon da na'ura ba ta gani

Kafin a fahimci yadda maganin ganye ya kai ga wannan matsayi, sai an san ciwon da ake shan sa dominsa. Mutum zai ci abinci kaɗan ya ji ya ƙoshi, ko ya gama ci cikinsa ya cika ya yi nauyi na tsawon sa'o'i. Wani zafi ne ke damun sa a ƙahon zuciya, wani raɗaɗi, ga gyatsa, ga kumburi, ga tashin zuciya. A je asibiti, a zura masa bututu mai kyamara ta maƙogwaro a leƙa tumbi, a ce ba a ga gyambo ba, ba a ga ƙari ba, ba a ga komai ba. Likitoci suna ɗaukar wannan a matsayin rashin lafiya mai zaman kanta, wato rikicewar aikin tumbi ba tare da rauni ba, kuma ƙa'idojin da ƙwararru suka sabunta a 2016, waɗanda ake kira Rome IV, sun ce sai abin ya ɗauki wata uku yana damun mutum, ya kuma faro aƙalla wata shida da suka wuce. A binciken da aka yi a Amurka da Kanada da Birtaniya da wannan ma'auni, kimanin mutum ɗaya cikin goma na manya yana fama da shi. Yana da ɗan'uwa a hanji, wanda ke zuwa da murɗawar ciki da zawo ko taurin bayan gida, shi ma a duba a rasa abin nunawa.

Ciwo ne da ba ya kisa, amma yana hana sakat. Kuma magungunan asibiti da aka dogara da su don motsa tumbi sun yi ta faɗuwa ɗaya bayan ɗaya. An janye cisapride daga kasuwannin Amurka da Jamus a 2000 saboda yana rikita bugun zuciya. A 2013 hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ta taƙaita shan metoclopramide zuwa kwana biyar saboda illarsa ga jijiyoyi, sannan a 2014 aka kwashe ɗigon nasa mai ƙarfi daga kantunan Jamus. A wannan shekarar ce kuma aka taƙaita domperidone, shi ma saboda zuciya. Likitan da mara lafiya ya zo masa da ciki mai nauyi na wata da watanni sai ya ga abin da ya rage a hannunsa kaɗan ne. Ga kuma kwalba ta tsirrai a gefe, wadda kowa ya san ta tun zamanin iyaye, ana kallon ta a matsayin abin da in bai yi amfani ba, ba zai cutar ba.

Abin da ke cikin kwalbar

Wani matsakaicin kamfani a garin Darmstadt mai suna Steigerwald ne ya fito da Iberogast a 1960. Sunan ya samo asali daga Iberis amara, wani ɗan tsiro mai farin fure da ɗaci, wanda ake jiƙa shi ɗanye. Sauran takwas busassu ake sarrafawa: ganyen na'ana'a, furen kamomil, 'ya'yan karawiya, ganyen melisa, saiwar likoris mai zaƙi, saiwar anjelika, 'ya'yan wata ƙaya da ake kira Silybum marianum, sai kuma Chelidonium majus, wanda shi ne tushen duk wannan tirka-tirka. Babba yana shan ɗigo 20 sau uku a rana, kafin cin abinci ko tare da shi.

Akwai abin da mai karatu Musulmi zai so ya sani, ko da yake ba shi ne batunmu ba: da barasa ake tatso sinadaran tsirran, kuma ita ce kashi 31 cikin ɗari na ruwan kwalbar. Ɗigo 20 mililita ɗaya ne, don haka abin da ke shiga ciki a sha ɗaya bai wuce kwatan giram ba. Hukuncin wannan na malamai ne.

Adalci ya sa a faɗi cewa Iberogast ba irin haɗe-haɗen da ake tallatawa da baki kawai ba ne. A Jamus yana da rajistar magani cikakkiya, kuma an gwada shi fiye da yawancin magungunan tsirrai. Masu bincike a birnin Munik na Jamus sun nuna a kan tumbin dabbobi cewa yana sassauta ɓangaren tumbi na sama, inda abinci ke fara taruwa, yana kuma ƙara matsawar ɓangaren ƙasa da ke niƙa abinci ya tura shi hanji. A 2007 wasu masu bincike a Adelaide ta Ostareliya suka ga abu makamancin haka a jikin maza masu lafiya. Wannan ya dace da abin da masu ciwon ke kuka da shi, domin da yawansu matsalarsu ita ce saman tumbin ba ya buɗewa ya karɓi abinci yadda ya kamata.

Gwajin da aka fi ambata shi ne wanda aka wallafa a 2007 a mujallar American Journal of Gastroenterology, a kan marasa lafiya 315 na tsawon mako takwas. An raba su gida biyu, wasu suna shan Iberogast, wasu suna shan wani ruwa mai launi da ɗanɗano iri ɗaya amma babu magani a cikinsa, kuma babu wanda ya san abin da yake sha, har likitan. An auna alamomi goma, kowace daga sifili zuwa huɗu, jimilla maki 40. Masu shan Iberogast damuwarsu ta ragu da maki 6.9. Masu shan ruwan wofi tasu ta ragu da 5.9.

A nan ya kamata a ɗan tsaya. Bambancin na gaske ne a lissafi, ba a musa ba. Amma maki ɗaya ne cikin arba'in. Mafi yawan sauƙin da masu shan maganin suka samu, masu shan ruwan wofi ma sun same shi, domin ciwon ciki irin wannan yana tashi yana kwantawa da kansa, kuma kulawar likita da sa rai suna aiki a jiki ƙwarai. A ganina wannan adadi shi ne ma'aunin duk abin da ya biyo baya. Maganin da ke ceton rai ana iya haƙuri da babban haɗarinsa. Maganin da amfaninsa ɗan sauƙi ne a kan ciwon da ba ya kisa, ko ƙaramin haɗari ya kamata mai sha ya sani tun kafin ya buɗe murfi.

Tsiron da aka daɗe ana ba masu shawara

Chelidonium majus, wanda Jamusawa ke kira Schöllkraut, ciyawa ce da ke fitowa a gindin katanga da gefen hanya a Turai, dangin tsiron da ake samun ofiyom daga gare shi. Idan aka karya karansa yana fitar da ruwa mai kauri kamar yadda tumfafiya ke yi, sai dai nasa rawaya ne mai ja-ja. Mutanen zamanin da suna shafa ruwan a kan ƙananan tsiron fata. Saboda launin nan ne kuma masu magani na zamanin da a Turai suka ɗauka cewa Allah ya yi masa alama ce ta maganin matsarmama da hanta da ciwon shawara, aka yi ƙarnoni ana ba da shi a kan haka. Kwamitin da gwamnatin Jamus ta kafa don tantance magungunan tsirrai, Kommission E, shi ma ya amince da shi don murɗawar ciki da ta hanyoyin matsarmama.

A 1999 wasu likitoci a Jamus suka wallafa rahoto a mujallar Gastroenterology a kan mutum goma da suka kamu da kumburin hanta bayan shan magungunan da aka yi da wannan tsiro. An bincika ba a sami ƙwayar cutar hanta ko wani dalili daban ba. Da suka daina sha, dukkansu suka warke cikin wata biyu zuwa shida. Ɗaya daga cikinsu ya sake sha ba da sani ba, ciwon ya dawo. Wannan sake dawowar ita ce hujja mafi ƙarfi da likitan hanta ke iya samu, domin babu wani gwajin jini guda da zai ce wane magani ne ya yi ɓarna. Sai dai a kore sauran dalilai ɗaya bayan ɗaya, a duba lokacin da aka fara sha da lokacin da ciwo ya bayyana, a ga abin da ya faru da aka daina.

Tsiron yana ɗauke da sinadarai masu ƙarfi irin su chelidonine da coptisine da sanguinarine. Amma abin da ya fi rikita lamarin shi ne yadda illar take zuwa. Akwai magungunan da illarsu ga hanta ke bin yawan abin da aka sha, kamar farasitamol, wanda kowa ya wuce ƙima zai ji a jikinsa. Na Chelidonium ba haka yake ba a mafi yawan rahotanni. Dubban mutane za su sha lafiya lau, sai a sami ɗaya da jikinsa bai karɓa ba, bayan makonni ko watanni, kuma babu hanyar gane shi tun da farko. A 2011 kwamitin magungunan tsirrai na hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ya duba tsiron ya ce haɗarin shan sa ya rinjayi amfaninsa da aka iya tabbatarwa.

Umarnin da ya kwanta a aljihun tebur

Bayan rahotanni gommai sun taru, BfArM ta yanke hukunci a Afrilun 2008. Duk maganin da ke ba mutum fiye da miligiram 2.5 na sinadaran Chelidonium a rana, an soke lasisinsa. Wanda ke ba da tsakanin maikurogiram 2.5 da miligiram 2.5 (maikurogiram dubu ne miligiram ɗaya), zai ci gaba da zama a kasuwa amma dole ya ɗauki gargaɗin hanta. Iberogast yana ba da kimanin miligiram 0.3 a rana. Ya yi ƙasa sosai da iyakar sokewa, amma ya ninka iyakar gargaɗi fiye da sau ɗari.

Steigerwald ya shigar da ƙorafi a gaban hukumar. A tsarin shari'ar gudanarwa ta Jamus, ƙorafi irin wannan yana dakatar da aiki da umarni har sai an yanke hukunci a kansa, sai fa idan hukuma ta ce a zartar nan take saboda gaggawa. Ba ta ce ba. Ba ta kuma amsa ƙorafin ba. A 2013 Bayer ya sayi Steigerwald, ya gaji maganin, ya gaji ƙorafin. Sai a 2017, bayan shekara tara, BfArM ta yi watsi da ƙorafin, Bayer kuma ya garzaya kotun gudanarwa ta Kolon, abin da ya sake dakatar da umarnin. Duk tsawon wannan lokaci ana sayar da kwalbar da tsohuwar takarda.

Hujjar kamfanin ba ta banza ba ce, ya kamata a ji ta. Ya ce rahotannin da hukumar ta dogara da su a 2008 na magungunan Chelidonium zalla ne masu ƙarfi, ba irin nasa mai ɗan kaɗan ba. Ya ce an gwada maganin a kan manya sama da 7,000 a bincike daban-daban, kuma mutane wajen miliyan 80 sun sha shi tun fitowarsa. Wanda ya ji waɗannan alƙaluma zai ce to, me ake nema kuma?

Ba a nan gizo ke saƙar ba. Masana lissafin lafiya suna da wata ƙa'ida mai sauƙi: idan ka gwada magani a kan mutum 7,000 ba ka ga wata illa ba ko sau ɗaya, abin da za ka iya faɗa da ƙwarin gwiwa shi ne illar ba ta kai mutum ɗaya cikin kimanin 2,300 ba. Illar da ke samun mutum ɗaya cikin dubu ɗari za ta iya wuce irin wannan gwaji ba ta nuna kanta ba. Miliyoyin da suka sha a gida kuwa, ba wanda ya bi su yana auna hantarsu. Wanda ya je asibiti da idanu rawaya za a tambaye shi magungunan da yake sha, shi kuma zai lissafa na hawan jini da na ciwon kai, ya manta da ɗigon ganye, don a wurinsa wannan ba magani ba ne. Likitan ma ba lallai ya kawo shi a rai ba, tunda takardar ba ta ambaci hanta ba. Rashin gargaɗin da kansa yana rage rahotanni, ƙarancin rahotannin kuma sai ya zama hujjar cewa ba a buƙatar gargaɗi.

Game da ƙarancin sinadarin kuma, hujja ce mai kyau ga gubar da ke bin yawa. Ga illar da ke zaɓen mutum saboda yadda jikinsa yake, ƙarancin yana rage haɗari, amma ba ya ba da tabbacin kawar da shi.

Ni a nawa ganin, an fi sauke wa kamfanin laifi fiye da hukumar, alhali kuwa kamfani da ke kare hajarsa ta hanyar da doka ta buɗe masa abu ne da ake tsammani. Abin da ya fi wuyar karewa shi ne hukumar da ta gamsu a 2008 cewa akwai haɗari, har ta sa hannu a umarni, sannan ta bar ƙorafi guda ya kwanta shekara tara. In ta gamsu, me ya hana ta amsa? In ba ta gamsu da cewa hujjarta za ta tsaya a kotu game da Iberogast ba, shekara tara ta isa a nemo hujjar ko a janye umarnin.

Daga 2016 zuwa 2018

A 2016 likitoci a Sifaniya suka wallafa rahoton wani mara lafiya da hantarsa ta lalace har sai da aka yi masa dashen wata, suka danganta abin da Iberogast. A farkon 2018 hukumar magunguna ta Suwizalan, Swissmedic, ta sa aka ƙara gargaɗin hanta a takardar maganin a ƙasarta. Sai aka wayi gari magani ɗaya, kamfani ɗaya, mai saye a Zurich yana karanta gargaɗi, mai saye a Munik ba ya gani. 'Yar majalisar dokokin Jamus daga jam'iyyar masu rajin kare muhalli, Kordula Schulz-Asche, ta ɗauki maganar ta yi ta matsa wa gwamnati da kamfanin lamba, kafofin yaɗa labarai suka shigo.

A watan Yulin 2018 rahoto ya iso wa BfArM na mutum na biyu da hantarsa ta gaza har aka yi dashe, wannan karon mara lafiyar ta rasu. Hukumar ta shaida wa Bayer cewa ko ya sauya takardar da kansa ko ta ba da umarnin zartarwa nan take, wato abin da doka ta ba ta dama tun farko. Kamfanin ya amince zai yi cikin mako huɗu, tare da nanata cewa har yanzu yana kan bakansa cewa amfanin maganin ya rinjayi haɗarinsa. Hukumar ma ba ta ce a janye shi daga kasuwa ba. A 2019 likitoci a Jamus suka wallafa rahoton wani lamari na gazawar hanta inda sake shan maganin da kuma gwajin da aka yi a ɗakin bincike suka ƙarfafa zargin cewa shi ne sanadi.

Me 'yan layuka za su hana?

Wani zai ce ai mutane ba sa karanta takardar cikin kwali, to mene ne na duk wannan kai ruwa rana? Amsar tana cikin jerin alamomin da gargaɗin ya lissafa. Bayan rawayar ido da duhun fitsari, akwai ciwo a saman ciki, tashin zuciya, rashin son abinci da kasala. A sake duba abin da ya sa mutum ya sayi maganin tun farko: ciwo a saman ciki, tashin zuciya, saurin ƙoshi. Alamomin farko na lalacewar hanta su ne dai alamomin ciwon da ake magani. Wanda hantarsa ta fara kumbura zai ji cikinsa ya ƙara ɓaci, abin da hankali zai ba shi kuwa shi ne ya ci gaba da ɗigawa, wataƙila ma ya ƙara. Rawayar ido takan zo daga baya, lokacin da ɓarna ta yi nisa. Tunda babu gwajin da zai nuna wanda jikinsa ba zai karɓa ba, kuma tunda yawancin waɗanda suka daina da wuri suna warkewa, kariyar da ta rage ita ce sani: mai sha ya sani, mai kantin magani ya sani, likitan da za a je wa ya sani. Takardar ba don mai saye kaɗai ake rubuta ta ba. Daga cikinta ake ɗauko abin da ake koya wa masu sayar da magani da abin da ke fitowa a kwamfutar likita.

Wani abin lura shi ne, duk wannan ya fito fili ne saboda Iberogast yana da rajistar magani a ƙasar da ke da tsarin karɓar rahoton illa. Mafi yawan abubuwan da ake sha don gyaran ciki a duniya ba su da wannan. A Amurka, dokar 1994 ta ba da dama a sayar da kayan ƙarin gina jiki da na tsirrai ba tare da an fara tabbatar wa hukuma ingancinsu ba, kuma cibiyoyin da ke tattara bayanan lalacewar hanta ta dalilin magunguna a can sun ga kason da irin waɗannan kaya ke jawowa ya tashi daga kashi 7 zuwa kashi 20 cikin ɗari tsakanin 2004 da 2013.

A Nijeriya layin nan na "mai ciwon hanta kada ya sha" yana da wani nauyi daban. Binciken ƙasa na 2018 ya nuna kashi 8.1 cikin ɗari na 'yan shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da cutar hanta nau'in B, kuma cuta ce da kan zauna shekaru ba alama, don haka da yawa ba su san suna da ita ba. Ga shi kuma kusan duk zafin saman ciki a wurinmu sunansa olsa, ko an leƙa tumbi ko ba a leƙa ba, kuma jarkokin maganin olsa da na basir da na wankin ciki ba sa faɗin tsirran da ke ciki balle yawansu. Lambar da NAFDAC ke bai wa magungunan gargajiya a matakin farko shaida ce ta gwajin guba, ba ta cewa maganin yana warkarwa ba, shi ya sa ake rubuta a jikinsu cewa hukumar ba ta tantance iƙirarin da aka yi ba. Gwajin guba a kan dabbobi kuwa ba ya kama irin illar da ke zaɓen mutum ɗaya cikin dubbai.

Kwalba ta biyu

A watan Yulin 2019 jaridar Handelsblatt ta ba da labarin cewa masu gabatar da ƙara a Kolon sun buɗe bincike kan ko jinkirin sa gargaɗin yana da hannu a mutuwar matar nan da aka yi wa dashen hanta. Buɗe bincike ba hukunci ba ne, kuma a shari'a tabbatar da cewa layin da ba a rubuta ba shi ya kashe wani takamaiman mutum abu ne mai wuyar gaske.

A kasuwa kuwa abin ya ɗauki wata hanya. A ƙarshen 2020 Bayer ya fito da Iberogast Advance, mai tsirrai shida: Iberis amara, na'ana'a, kamomil, karawiya, melisa da likoris. Babu Chelidonium a ciki, babu anjelika, babu Silybum. Tsohon haɗin mai tsirrai tara aka sa masa suna Iberogast Classic, aka bar shi a kasuwa da gargaɗinsa. Kamfanin ya gabatar da sabon a matsayin na masu ciwon da ke yawan dawowa, waɗanda ke buƙatar sha na tsawon lokaci, tsohon kuma na ɓacin ciki na ɗan lokaci.

Sai dai haɗin tsirrai shidan ba sabon abu ba ne. A takardun bincike sunansa STW 5-II, na taran kuma STW 5. A 2004 an wallafa gwaji a kan mutum 120 masu rikicewar tumbi inda STW 5-II ya fi ruwan wofi aiki. A wannan shekarar dai aka wallafa wani a kan mutum 208 masu rikicewar hanji, aka raba su gida huɗu: masu shan haɗin tara, masu shan haɗin shida, masu shan Iberis amara shi kaɗai, da masu shan ruwan wofi. Iberis shi kaɗai bai yi wani abin a-zo-a-gani ba. Haɗin tara ya yi aiki, haɗin shida marar Chelidonium shi ma ya yi. Wannan sakamako yana hannun Steigerwald shekara huɗu kafin umarnin 2008, da shekara goma sha shida kafin haɗin shidan ya hau kantar masu sayar da magani a Jamus.